Safar Hannu a Cikin Kwalla

Yayata Gudiya ba ta bar shanu ba, ba ta bar gida mai kwano ba. Abin da ta tara tsawon rayuwarta suna ne, kuma shi anka so a raba ta da shi tana kwance ba ta iya ɗaga kai. Shi ya sa har yau in anka ambaci kwas a gabana sai in ji raina ya ɓaci, ko da kuwa kwas ɗin ɗinki ne. Sunana Hajara. Gabu da daddawa nake sayarwa a kasuwar Jega, kuma kowa a Sabon Gari ya san bakina ba ya da linzami. To ku gyara zama.

Mu 'yan Aliero ne, ɗiyan manoman albasa. Adda, haka nake ce mata, ta girme ni nesa ba kusa ba, a bayanta na yi wayo. Tun tana budurwa take bin kakarmu gidajen haihuwa tana riƙe mata ƙwarya, har ta iya yanke cibiya, da wankan jinjiri, da binne mabiyiya, da gasa wa mai jego jiki. Anka yi mata aure a wani ƙauye kusa da Giwa Tazo, ƙasar Maiyama. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ba dukansu nake jin haushi ba. Mijinta Jibrin ya rasu tun muna ƙarƙashin Sakkwato, ya bar ta da ɗiya guda, Wasila. Manema sunka zo, ta ce ta gode. Ta riƙe carbinta, ta riƙe ɗan fegin albasarta a fadama, ta riƙe ungozomanci. Duk yaron da ka gani yana gudu a garin nan, a hannunta ya fara kuka.

Mace ce mai ciki. Ta ga tsiraicin matan gari kaf, ta ji abin da mace ke faɗi in naƙuda ta kai mata karo, amma ko ni da munka sha nono ɗaya ban taɓa jin ta ce wance kaza ba. In anka ba ta rabonta na naman suna, kafin ta kai gida ta rabar. Ni ce mai faɗa, ita ce mai cewa, "Hajara, sassauta, duniya ba ta kai nan ba."

Hannuwanta nake so ku gani. Mai ban ruwan albasa ya san abin da laka da sanyin safiya ke yi wa fata. Ga wankin tsummokaran haihuwa da sabulun soda. Yatsun Adda duk a tsattsage suke, wani tsagin har kana hango jan nama. In sun dame ta sai ta ƙunsa lalle, ta ce yana ɗinke su. Da waɗannan hannuwa take shiga jinin haihuwa har gwiwar hannu, ba ta taɓa yatsine fuska ba. Cewa take, mace na tsakanin rai da mutuwa, ba lokacin nuna mata ƙyama ba ne.

Da anka yanke mana jihar Kebbi, komai sabo, kowa na ɗoki. Anka gyara ɗan asibitin garinsu, anka ɗauki Adda aiki: ta karɓi haihuwa, ta wanke kayan aiki, ta dafa allurai. Ɗaki biyu ne da labule tsakani. Anka turo malamin asibiti, wani saurayi Lawali da ya yi makarantar kiwon lafiya. In faɗi gaskiya ko da raina na ɓace, yaro ne mai hankali, mai salla, bai taɓa karkatar da ƙwayar magani ba. Ya ga Wasila wani zuwa da ta yi gaida uwarta, ya nema, anka ba shi.

Daga ranar da anka ɗaura auren nan, asibitin ya zama gidan kurame. Kun dai san surukuta irin tamu. Ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci inda take, in ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin gero. Da safe ya tuɓe takalmi bakin labule, ya durƙusa, kai a ƙasa, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ba ta kama sunanshi. "Malam" ne, ko "mai gidan yarinyar nan", don Wasila ɗiyar fari ce, ita ma ba a faɗin sunanta, ni na riƙe ta a Jega tun yaye. In yana son ruwan zafi daga ɗakinta, majinyaci yake aika. Mutanen gari har misali suke yi da su, wai ga surukan da sunka san mutunci.

Ana nan sai maganar ƙanjamau ta shigo. A rediyo munka fara ji, kuma abin da ya zauna a kunnen mutane guda ne: ciwon 'yan bariki ne, ciwon masu bin maza da masu bin mata. Adda in ta ji sai ta ce Allah ya shirye su, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Mi ya haɗa kifi da kaska?

Sai wata ƙungiya ta fara kiran ma'aikatan lafiya horo. Ƙa'idarsu ita ce shugaban kowane asibiti ya zo a koya mishi, shi kuma ya koma ya zaunar da na ƙasa da shi ya koya musu. A baki abin ya yi daɗi. Wanda ya tsara shi yana can zaune ƙarƙashin fanka, bai taɓa tambayar ko wane ne na ƙasan ba. To a wanga asibiti na ƙasan mutum ɗaya ne, kuma uwar matar shugaban ce.

Lawali ya je kwas Jega. Ya je Birnin Kebbi, ya je Sakkwato, har Kaduna an taɓa kai shi. Kusan duk shekara da sabon kira, wai don ilimin yana sabuntuwa. Duk zuwa ya dawo da jaka mai rubutu da hula, har ɗansu Nuraddeen, wanda anka haifa shekarar kwas na farko, ya girma ya shiga makaranta da irin jakunkunan nan. Kuma ba barci yake zuwa yi ba, yana koyo ƙwarai. An koya mishi ciwon na bi ta jini. An koya mishi allurar da anka yi wa mai ciwon, in ta soki wani, tana iya kai mishi. An ce kada mai rauni a hannu ya taɓa jinin haihuwa ba safa. Duk yana cikin kanshi. Amma darasin a cakuɗe yake da zancen kwanciyar mace da namiji, da abin da ke fita jikin mai naƙuda, da sunayen wuraren da ba a faɗi. Ya dubi surukuwarshi ya faɗi waɗannan? Gara ƙasa ta tsage ya shige.

Ga dabarar da ya yi. Da ya dawo kwas na farko ya zo da kwalin safar hannu ta roba. Ya jira ta fita alwala, ya ɗora kan teburinta, ya koma ɗakinshi. Ta dawo ta tarar, ta leƙa, ta gane ko mi ne, don ta taɓa ganin likitoci da irinta. Da na je sai take ce mini, "Hajara, ni in sa roba in kama ɗiyar mutane, sai ka ce mai kwasar kashi? Matan garin ga cewa za su yi na ci boko ina ƙyamarsu." Amma kuma kyautar suruki ce, ba a mayarwa, ba a yarwa, ba a ɓata ta da ƙazanta. Sai ta naɗe kwalin cikin ɗankwali, ta sa a babbar kwallarta ta aure, ta rufe. Ta aika a ce wa Malam an gode, Allah ya yi albarka. Shi kuwa da ya ji an gode sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauka saƙo ya isa. Ɗakin haihuwa dai ba ya shiga, balle ya ga hannunta.

Ya taɓa gwadawa ta wajen matarshi, ban danne mishi wannan ba. Amma ku dubi hanyar. Shi yana jin nauyin faɗa wa Wasila ɓaro-ɓaro tunda zancen uwarta ne, ita kuma Wasila tsakaninta da uwar bai wuce gaisuwa ba. Abin da ya isa kunnen Adda shi ne, "Wai Malam ya ce a riƙa kula." Adda ta ce, "To, dā wasa ake yi?"

Kada wani ya ce ba ta nema ba. Wata shekara wani babba cikin masu zaɓen 'yan kwas ya zo duba asibitin. Adda ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, mu masu karɓar haihuwa ba a kiranmu karatun ga? Ko can baya ne in zauna in ji da kunnena." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Inna, ai da Turanci ake yi. Kuma ba surukinki ke zuwa ba? In Malam ya je, ai gidanku ya je." Lawali na tsaye gefe yana kallon yatsun ƙafarshi. Wallahi da ina wurin da mutumin nan ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da uwarshi ta haife shi.

Amma akwai ranar da ina wurin. Na je sarin gabu Giwa Tazo, na biya asibitin da hantsi in gaishe ta. Na iske ta gaban tasa, ruwan ya yi jajir, allurai da sirinji na ciki, tana lalubo su da hannu kamar mai tsince tsakuwa cikin wake. Sai ta ce, "Wash!" Ta ɗago yatsa, jini ya ɓullo, ta sa a baki ta tsotse. Ta ce kullum sai sun cije ta, ta saba. Daidai nan Lawali ya ɗaga labule zai ɗauki wani abu. Na ga fuskarshi ta sake, na ga ya buɗe baki.

Na ce, "Malam, ba abin da za a sa mata?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Sannu, Inna. A sa aidin." Ya saki labule.

A sa aidin! Mutum da karatu fal ciki, an kai shi an ciyar da shi an zaunar da shi gaban allo don wagga rana, abin da ya fito bakinshi ke nan. Ni a lokacin ban san komai ba, har godiya na yi mishi.

Wace allura ce, wace haihuwa ce, Allah kaɗai ya sani. Shekaru sunka tafi. Adda ta fara zazzaɓin da ba ya jin magani, sai gudawa, sai tari, sai ƙuraje a baki. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Wasu sunka ce shawara ce, wasu sunka ce sammu. Na je na ɗauko ta na kawo ɗakina a Sabon Gari, daga nan na kai ta babban asibiti anka ɗebi jini.

Da ma'aikaciyar jinya ta faɗi sunan ciwon, Adda ta ja mayafi ta rufe kai, ba ta ƙara jin komai ba. Matar nan, Allah ya saka mata, ta ce mini, "Mi ce sana'arta?" Na ce ungozoma ce a asibitin ƙauye. Ta kama hannun Adda ta juya, ta dubi tsagogin nan, ta ce, "Tana sa safa?" Na ce a'a. Ta ce, "Subhanallahi! Ba wanda ke zuwa kwas daga asibitinsu?" Nan ta zaunar da ni ta warware mini komai da Hausa tsantsa. Kafin tukunyar shayi ta tafasa ta gama. Abin da anka kasa faɗi shekara da shekaru ke nan. Maganin da ake ba mutane yanzu kuwa a lokacin bai iso ga talaka irinmu ba. Ta ce mu je mu kula da abincinta, mu yi addu'a.

A gida na maimaita wa Adda abin da na ji. Ta girgiza kai. Ta ce, "Lallashina kike yi, Hajara. Da ana ɗaukar shi ta allura da jini, ai da Malam ya faɗa mini. Shi ya yi karatun." Kun ji fa. Saboda ta yarda da shi, sai ta ƙi yarda da gaskiya. Ta kwanta tana laluben rayuwarta, tana neman zunubin da ta yi anka jarabce ta da ciwon fasiƙai.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ƙauye. Matan da ta tsuguna gabansu tana share musu jini, su ne sunka fara. Wai ashe carbin nan na rufe ido ne. Wai Musa a baki, Fir'auna a zuci. Wai dā ma fataken albasa na yawan tsayawa ƙofarta neman ruwa. Anka hana yara bi ta gidanta. Ba wadda ta tako Jega dubiya sai Zubaida, matar da Adda ke koya wa aikin, wadda haihuwar gari ta koma hannunta. Ita ta kawo mana zancen tana kuka. Na dubi hannunta, shi ma duk tsagu ne, ita ma 'yar fadama ce.

Bayan ta tafi Adda ta kira ni. Ta ce, "Mutuwa ba ta ba ni tsoro, kowa ɗan hanya ne. Amma a sa ni kabari da sunan mazinaciya? Jikokina su tashi ana nuna su da baki?" Tun da nake ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Shi kuwa Lawali duk Jumma'a yana zuwa da madara da sukari, ya durƙusa a zaure, ya ce ya mai jiki, ya koma. Ya rame shi ma, na gani. Ramarshi ba ta dame ni ba. Jumma'ar da ta biyo, ranar kasuwar Jega, ranar da nake samun na cefane, na ƙi fita. Yana tuɓe takalmi na cafke hannun rigarshi. Maƙwabta sunka leƙo, wai Hajara ta kama suruki. Su leƙo mana!

Na ce, "Shiga."

Ya ce, "Inna ta Jega, don Allah..."

Na ce, "Na ce shiga! Kwas ɗin da anka aiko ka da shi, yau za ka sauke shi. Ga ɗalibarka can kwance."

Ya zauna bakin ƙofa. Adda ta juya fuska bango, ta ja mayafi, ta ce, "Hajara, ki ji tsoron Allah, ki saki ɗan mutane." Na ce ba inda za shi. Ya fara da 'yan kalmomin Turanci, na ce ba Kaduna muke ba, da Hausa. Gumi na zuba, ya faɗi. Ya faɗi jini, ya faɗi allura, ya faɗi tsagin hannu da ruwan haihuwa, ya faɗi har abin da yake gudu. Rufin ɗaki bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Kajina ma ba su bar tonon da suke yi ba.

Ya gama, ya sunkuyar da kai. Can daga cikin mayafi Adda ta ce, "Malam, wanga karatu, yaushe anka koya maka shi?"

"Tun kwas na farko, Inna."

"Shekarar da anka yi sunan Nuraddeen?"

"I, Inna."

"Safar nan da ka aje mini kan teburi, ta wannan ce?"

Sai kuka ya ƙwace mishi. Adda ta yaye mayafin a hankali, ta juyo, ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Lawali." Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. "Lawali, ɗago ka dube ni. Ni fa na ɗauka kyauta ce ka yi mini."

Ta huta, ta nemi ruwa na ba ta. Sannan ta ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yafe. Amma sunana ban yafe ba. Za ka mai da ni gida, ka tara su, ka faɗi abin da ka faɗa yanzu ina zaune. Zubaida ma ta ji, hannunta irin nawa ne." Ni dai ban yafe ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

A gaban motar albasa da ke komawa ba kaya munka kai ta. Lawali ya je ya sami liman, liman ya ce ba kunya cikin abin da zai tsare rai, shi da kanshi ya yi shela. Bayan la'asar anka taru gindin darbejiyar asibiti, maza gefe, mata bayan zana. Munka shimfiɗa wa Adda tabarma, na zauna ta jingina da ni. Lawali ya miƙe. Idonshi ya faɗa kanta, sai ya kau da kai. Ya yi tari, ya gyara hula, ya sake tari. Mutane sunka fara gunaguni. Na yunƙura zan tashi, Adda ta danne mini gwiwa.

Da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Lawali, ɗaga murya. Kunyar ga ta ci mutum ɗaya, ta isa."

Mutane sunka dubi juna, don ba su taɓa jin surukuwa ta kama sunan suruki a bainar jama'a ba. Shi kuwa kamar an kwance mishi igiya. Ya faɗi komai, tsofaffi na sunkuyar da kai, bai tsaya ba. A ƙarshe ya ce, "Inna ba ta yi komai ba sai aikinku. Cikin jinin ɗiyanku da matanku ta same shi. Ni anka aika da saƙon da zai tsare ta, ni na riƙe shi."

Wata daga bayan zana ta ce, to wace ce ta sa mata ciwon? Adda ta ce, "Kada wadda ta fara ƙidayar gidaje. Wadda na ɗauka wurinta ita ma ba ta sani ba. Kuma da za ta sake durƙusawa yau, ina da ƙarfi, da na je."

Wadda ta fara tasowa ita ce mai bakin da ya fi na kowa kaifi a zancen, na san ta sarai. Ta zo ta durƙusa, ta kama hannun Adda da hannu biyu tana kuka. Na buɗe baki in wanke ta tas, Adda ta mintsine ni. Ba zan ce duka sunka yarda ba, har yau akwai masu taɓe baki, kuma na san gidajensu. Amma daga ranar ƙofar Adda ba ta sake rabuwa da takalma ba. Masu shirya kwas kuwa ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko. Shekarar ma sun yi kiransu yadda sunka saba, da Turanci, shugabanni kawai.

Ta kai lokacin cirar albasa. Ana saura 'yan kwanaki ta kira ni da Zubaida, ta ce, "In za ku wanke ni, ku sa safa. Kada ku ji nauyi, ni na ce. Tana cikin kwalla, sabuwa ce fil, ko ɗaya ban taɓa ba."

Da safe ta cika. Gidan ya kasa ɗaukar mutane. Mata daga Giwa Tazo, daga Maiyama, danginmu daga Aliero, har gardama anka yi kan wadda za ta ɗebo ruwan wanka. Liman ya ce sahun mazan da ke waje bai taɓa ganin irinshi ba a garin. Ba haka ake yi wa mazinaciya ba, kowa ya gani da idonshi.

Na sauke kwallar, na kwance ɗankwalin, na buɗe kwalin. Zafin shekaru ya narkar da su sun manne wuri ɗaya kamar danƙo. Na ja yatsa guda, ya tsinke a hannuna. Na ja wani, ya tsinke. Ko ɗaya ba ta saku ba. Zubaida ta tashi ta je bakin zana, ta ɗaga murya gaban maza ta ce, "Malam, safa!" Ya amsa da ƙarfi, ya miƙo sababbi, ya tsaya nan yana faɗa mata yadda ake cirewa in an gama, kowa na ji.

Na sa, na kama hannun Adda ina wanke tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya. Tun da ta zo duniya, ranar ce kawai roba ta shiga tsakanin hannunta da na wani.